Watandar da Ba Mu Yanka Ba

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma a kasuwar Batsari ana cewa in na hangi sa daga nesa zan faɗa maka abin da ya ci shekaranjiya da sunan wanda ya ba shi. Wannan ƙari ne irin na mutane. Abin da ya ci kaɗai nake iya faɗa daga nesa, sunan mai ba shi sai na matso na shafa tozo.

Shekarar da nake son ba da labarinta, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Da an yi azahar sai gari ya kwanta. Nakan rufe teburina, in ja tabarma gindin darbejiyar da ke bayan rumfunan mahauta, in jingina, in zuba wa duwatsun yamma ido. Zafi yakan sa su motsi a hankali, kamar wasu manyan shanu ne suka kwanta suna tuƙa. Mai azumi a irin wannan lokaci ba barci yake ba, ba kuma a farke yake ba. Ni dai a nan tsakani na yi rabin rayuwata, kuma ban ga asarar da na yi ba.

A haka tobashina ya same ni. Ɗan gwaggota ne, malamin lissafi a sakandare, siriri kamar sillen kara, har in iska ta taso sai ɗalibansa sun riƙe masa riga. Tun muna yara ba mu taɓa gaisuwar da babu tsiya a cikinta ba.

"Sarkin barci, tashi," ya ce, ya zungure ni da ƙafa.

Na ce, "Ɗan mace, yaushe bawa ya fara tada ubangidansa da ƙafa?"

Ya zauna gefen tabarma ya ce gidauniya ya zo da ita. Shi da wasu tsofaffin ɗalibai suka kafa ta, don yaran Batsari da Safana masu karatun injiniya a jami'a. Ba kowane yaro ba. Ya ce in ka leƙa ajin injiniyoyi kusan duk fuska ɗaya ce, 'yan birni, maza, masu ƙafa lafiyayya. Mace sai ka yi ta dube-dube, ɗan makiyayi sai ka kunna fitila da rana, gurgu kuwa matakalar bene ta kore shi tun kafin malami ya gan shi. Irin waɗannan ake son a tallafa, don wanda zai zana mana hanya ko ya haƙa mana rijiya ya kasance ya san nauyin tulu a ka, ya san tafiyar tallar nono.

Akwai wani yaro na Karare mai tafiya da sanduna, shi an samu an biya masa. Saura wata yarinya 'yar Ruma. Ɓarayin daji sun kore garken ubanta kaf, ba su bar masa ko abin da zai ɗaure a turke ba. Bayan salla za a rufe rajista, in ba a biya ba sai ta zauna gida, ga shi kuwa ta ci fiye da rabin karatun.

"Na zagaye kasuwar nan," ya ce. "Wani ya ce ɗinkin yara, wani ya ce taki. Wasu kuma sai su rage murya su ce, ɗiyar Fulani? Na ce masu, ai shanun ubanta aka fara kora kafin a taɓa na kowa. Sai su ce Allah ya kyauta, su juya."

Na ce, "Kai lissafi ka sani, ba ka san mutane ba. Mutumin garin nan in ka ce ya ba ka don Allah, nan take zai tuna yana da ciwon baya. Ka ce masa nama, sai ya tsallake katanga da bayan nan nasa. Samo mini dabba, ko akuya ce mai tari, in yi watanda."

Watanda ba baƙuwar kowa ba ce a wurinmu. Kafin salla mutane su biya kashi-kashi, ranar jajibere a kayar da sa, a raba naman tuli-tuli a kan ganye, kowa ya zo da kwanonsa ya ɗauki nasa. Na ce in an samu dabba kyauta, duk abin da aka tara na gidauniya ne, ni ko ƙashin miya ba zan ɗauka ba. Tobashina ya ce wannan rantsuwar sai ya gani da idonsa.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo mini yarinyar. Doguwa ce, marar yawan magana, mayafinta ya koɗe amma a goge yake. Ta durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, ina wuni. Ya ibada, ya iyali, ya zafi."

Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya, na tambayi mutanen gida, sannan na ce me take karantawa. Ta ce gadoji da hanyoyi. Sai na ba ta labarin rafin da ke kan hanyar ƙauyen kakannina, can bayan Karare, wanda da damina yake raba uwa da ɗanta har sai ya ga dama. Na ce na taɓa haye shi da bijimi a kafaɗa, ruwa iya gemu, bijimin yana yi mini addu'a.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, faɗinsa zai kai kamar daga ina zuwa ina?"

Na ce, "Daga nan zuwa Katsina, in ya yi fushi."

Nan ne ta murmusa. Ta ɗauki tsinke ta zana gaɓa biyu a ƙasa, ta kafa ginshiƙai a tsakani, ta shimfiɗa layi a kansu, tana gaya mini inda ruwa ke cin ƙasa da inda yake ajiye yashi. Da suka tafi na hana kowa taka wurin. Na koma na jingina ina kallon zanen, ido rabi a rufe, sai ga shi yana tashi daga ƙasa yana tsawo. Na ga mata da ƙwaryar nono suna wucewa a kai, ƙafarsu a bushe. Na ga jakuna, na ga 'yan acaɓa, na ga marigayiya kakata da ɗan sandanta tana leƙen ruwa daga sama tana yi masa gwalo. Ladan ne ya rushe mini gadar da kiran la'asar.

Dabbar kuwa da ƙafarta ta zo. Wata safiya ina fiɗa sai aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da wani dattijon Bafulatani, malfa a ka, sanda a wuya, ƙurar hanya har gwiwa. A bayansa farar karsana ce, wadda ban taɓa ganin irinta ba tun da na fara riƙe wuƙa. Fara ce sol, bakin hanci baƙi, ido kamar an sa mata kwalli. Daga ƙauyen Babban Duhu yake. A kasuwar Safana ya ji ana maganar gidauniyar da yarinyar Ruma, aka ce masa ni ne mai karɓar dabba.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ƙishirwa, na tambayi rugga, na tambayi shanu, ya ce da sauran alheri. Muka sake komawa farko. Da gaisuwa ta ƙare sai ya miƙo mini igiya.

"Ga ta nan. Na ɗaura ma yaran nan ita."

Na ce, "Baffa, Allah ya saka da alheri, Allah ya mayar da dubunta."

Ya ce amin yana kallon ƙasa. Ya sunkuya ya yi wa karsanar magana a kunne da Fulatanci, ya shafa wuyanta, ya juya ya kama hanya bai waiwayo ba. Na lura bai kwance igiyarsa ba, sabuwa ce kuwa, tufkar hannu. A kara, kasuwar dabbobi, duk wanda ya rabu da dabba yakan kwance igiyarsa ya tafi da ita. Na ce a raina, ka ga mai kyauta, har da igiya.

Kafin azahar labari ya gama kasuwa, don ni na gama da shi. Na ce wa mutane karsanar nan kitsenta ya isa a soya ƙosan Batsari na shekara. Na ce in ka ci tsoka ɗaya sai ka ji Fulatanci. Waɗanda suka ce ɗinkin yara suka zo, masu maganar taki suka zo, har masu rage murya suka zo da muryarsu a buɗe. Duk wanda ya zo biya sai in tura shi wajen tobashina, don ni hannuna da maiƙo. Sai da kashi ya ƙare ana roƙona in ƙara.

Na kai karsanar gida na kafa mata turke gindin darbejiyar tsakar gida, na zuba mata harawa. Sauran kwanakin azumin a gabanta na yi su. Na daina zuwa bayan rumfa. In na dawo kasuwa sai in shimfiɗa buzu in zauna ina kallonta, ita ma tana kallona, tana tuƙa a hankali kamar mai jan carbi. Da farko kallon sana'a nake yi mata, nan cinya, nan haƙarƙari, nan tozo. Daga baya sai layukan yankan suka riƙa ɓace mini. In na daɗe ina kallon idonta sai in ga daji a ciki, ciyawa kore shar, burtali ya miƙe, garke yana tafe ba mai korarsa, ba ƙarar babur, ba kowa sai wani makiyayi can nesa da ƙafa ɗaya a kan gwiwa. Irin dajin da muka sani muna yara, lokacin da mahaifina ke ɗaukata mu shiga rugage sayen dabba mu kwana inda dare ya yi mana.

Mai ɗakina takan leƙo daga madafa ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare ba ka taɓa yi mini irin wannan kallon ba."

In ce, "Ke ai ba ki da tozo."

Ta ce, "Allah ya shirye ka. Ka dai tuna yanka ta za ka yi."

Ranar jajibere na tashi na wasa wuƙaƙe har suna yanka inuwa. Aka share filin ƙofar gida, aka shimfiɗa ganye. Hantsi bai gama ɗagawa ba mutane suka fara taruwa da kwanoni da robobi. Na shiga na kwanto ta, ina tafe ina kauce wa idonta. Daidai zaure na ci karo da tobashina da yarinyar. Ya kawo ta ne ta yi wa jama'a godiya. Sai a ranar ta fara ganin karsanar.

Ta gaishe ni, amma idonta na kan igiya. Ta matso ta taɓa ƙullin, ta dubi wuyan dabbar.

"Baba, wanda ya kawo ta bai tafi da igiyarsa ba?"

Na ce, "Ya bar mana. Mutumin kirki."

"Me ya ce da ya miƙa maka?"

Na faɗa mata. Na ƙara da cewa har magana ya yi mata a kunne. Yarinyar ta ɗora hannu a kan wuyan karsana. Can ta ce, "Baba, wannan ba ta yanka ba ce. Haɓɓanaye ce."

Na taɓa jin kalmar a bakin Fulani a kara, sama-sama, amma ban taɓa tsayawa tambaya ba, don wa zai ba kura ajiyar nama. Ta yi mana bayani a hankali. In mutum ya rasa garkensa, wanda yake da saura sai ya zaɓi karsana mai kyau ya ɗaura masa. Wanda aka ɗaura wa ya riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa maruƙa su zama nasa, sannan a mayar da uwar ga mai ita da igiyarta. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko sanda ba a ɗaga mata. An fi tattalinta a kan wadda ka gada. Dattijon garke yake son ya kafa wa gidauniya, yadda yaran da za su zo a baya ma za su samu.

"To me ya hana shi faɗa?" in ji tobashina.

"Shi a wurinsa ya faɗa, Malam. Bai san akwai wanda bai sani ba."

Tobashina ya ce a tura mai babur Babban Duhu a roƙe shi izini. Ta girgiza kai. Ta ce in an tambaye shi zai ce a yanka, don kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba, kuma daga ranar ba zai ƙara ɗaura wa kowa dabba ba.

Na ce, "Ɗiyata, kin san makarantarki ce wannan a tsaye da ƙafa huɗu? In ba a yanka ba, kowa zai karɓi abinsa."

"Na sani, Baba."

"To?"

"In an yanka ta na koma jami'a, da wane ido zan bi ta Babban Duhu? Gara in zauna."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai ja mayafi ta rufe baki. Daga waje ina jin ana buga kwanoni ana kiran sunana. Na dubi wuƙar da ke hannuna, na miƙa wa mai ɗakina ta bayan ƙyaure, na ja karsanar muka fita.

Na sha tsayawa gaban jama'a, amma a kan ƙarya. Ranar ce ta farko da na tsaya da gaskiya tsirararta, kuma na gane ta fi bijimi nauyi. Na faɗa masu abin da ya faru, na ce babu nama, duk mai son abinsa ga malamin lissafi nan. Na ce kuɗin nan shi ne abin da za a biya wa yarinyar nan rajista da shi, ita ce kuma ta hana a yanka.

Wuri ya ruɗe da guna-guni. Wani tela ya ce shi dama ya san duk abin da na sa wa hannu sai ya zama tatsuniya, ya karɓi nasa ya tafi. Wasu suka bi shi, ban kuma ga laifinsu ba, yara na gida suna jiran miyar salla. Layi ya fara miƙewa gaban tobashina. Ina kallon jakarsa tana ramewa har ta kusa kamo shi a sirantaka.

Sai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli, da ke zuwa daga Karare duk ranar kasuwa, ta ratso da ɗan kwanonta. Rabin kashi ta saya, ita da maƙwabciyarta. Ta wuce layin ta zo gaban karsanar ta tsaya.

"Kai mahauci, ina ne nawa a jikinta?"

Na nuna haƙarƙari. Na ce, "Nan ne, Inna."

Ta shafa wurin, ta ɗan matsa da yatsa kamar mai taya. "Bai nuna ba. Bar min shi nan ya ƙara kitse. Ni haƙoran ma sun tafi sun bar ni." Ta kifa kwanonta a ka ta juya.

Aka yi dariya, irin wadda ke sassauta wuya. Wani mai shayi ya fita daga layi ya ce a nuna masa nasa. Na ba shi tozo. Limamin unguwarmu ya ce shi hanta ya yi niyya, na ce tana ciki lafiya lau, ya ce to a gaishe ta. Mai faci ya nemi wutsiya. Na raba karsanar nan tana tsaye tana kora ƙuda, na raba ta har na sayar da cinya ta biyar, ba wanda ya ƙirga. Ɗaya daga cikin masu rage murya ya daɗe yana juya robarsa a hannu. Daga ƙarshe ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, shi ba kowa ya ba kyauta ba, cinya ya saya ya bar ajiya. Na ce an shaida.

Da wuri ya watse tobashina ya zauna a dakali ya duba abin da ya rage a jaka. Ya daɗe. Ni da yarinyar muna tsaye, ba mai kallon wani. Sannan ya ɗago ya ce rajista ta fita, har da kuɗin mota, amma ban da na abinci.

Mai ɗakina ta ce daga zaure, "Abinci kuma ai ba a gidauniya ake dafa shi ba." Kafin yamma ta haɗa garin kunu da yaji da ƙuli da busasshiyar kuɓewa, ƙullin da sai da aka kama wa yarinyar.

Sallar nan kajin Batsari ne suka biya bashin watanda. An yi masu ɓarnar da har yau in na bi ta lungu zakaru juya mini baya suke yi.

Da hutu ya ƙare, ranar da za ta koma, ta biyo ta gidana da jakarta kafin ta je tasha. Ta gaida mai ɗakina, ta gaishe ni, ta wuce wajen turke, don jama'a sun yanke cewa ni zan riƙe karsanar, wai na fi kowa sanin abin da za a rasa in ta rame. Ta duba harawa, ta duba ruwa, ta ce in riƙa jiƙa mata kanwa, kada kuma in ɗaure ta a rana. Na ce to, Injiniya. Na raka ta tasha na ɗora mata ƙullin a bayan mota, na gaya wa direba ya tafi a hankali, kayan jama'a ne ya ɗauko. Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na biya kasuwa na sayi kanwa.